Babi na Shida: Tenere, Tsakanin Gishiri da Ƙishirwa

A kasuwannin dabbobi na Damargu da Damagaram da Tasawa, kusa da rumfunan masu kanwa da igiya, akan ga wani abu mai siffar turmin da aka kife, launinsa tsakanin toka da jar ƙasa, an tsayar da shi a kan tabarmar kaba. Kantun gishiri ke nan. Makiyayi zai zo ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya gutsuri ɗan gefe ya ɗanɗana, sannan a shiga ciniki. In an daidaita sai ya ɗaure shi a bayan jaki ko babur ya nufi ruga, shanu su yi ta lasa har ya ƙare. Da wuya mai saye ya tambayi inda aka yi shi, domin tun kaka da kakanni an san gishirin Balma ne, wato Bilma. Amma kaɗan ne daga cikin masu sayen suka taɓa ganin ƙasar da kantun ya ratso kafin ya iso hannunsu.

Sunan ƙasar Tenere. A harshen Buzaye, kalmar na nufin fili fetal wanda babu kowa a cikinsa. Tana shimfiɗe a arewa maso gabashin Nijar, faɗinta ya kai murabba'in kilomita 400,000. Duwatsun Abzin ne suka tokare ta daga yamma, tsaunukan Hoggar na Aljeriya da tudun Jado daga arewa, duwatsun Tibesti na Cadi daga gabas, ta kudu kuma tana gangarawa sannu a hankali zuwa kwarin tafkin Cadi. Arewacinta fili ne na tsakuwa da yashi, shimfiɗaɗɗe kamar faifai, inda mota za ta yi sa'o'i tana gudu ba a ga ko tudun tururuwa ba. Kudancinta kuwa tuddan rairayi ne jere da juna, kowanne doguwar kunya mai tsawon kilomitoci, iskar arewa maso gabas ta tsara su kamar wanda ya yi huɗa a gonar da ba ta da iyaka.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa gundumar Bilma, wadda ta ƙunshi mafi yawan wannan hamada, ba ta kai mutum 20,000 ba. Gundumar kuwa ta fi ƙasar Ghana girma. Unguwa ɗaya a birnin Kano ta fi ta jama'a. Ita kanta jihar Agadas da gundumar ke cikinta ta haura rabin faɗin Nijar, amma a wannan ƙidayar mutanenta ba su cika rabin miliyan ba.

Dalilin a fili yake. Ruwan saman da ke sauka a Bilma a shekara, in an kwatanta shekaru da yawa, ba ya kai milimita 20, abin da hadari ɗaya na watan Agusta zai zubar a Zariya kafin a gama cin tuwo. Akwai shekarun da ko ɗigo ba a gani. A bazara zafi na wuce digiri 40 kusan kullum, da hunturu kuma sanyin dare na sauka har kusa da daskarewar ruwa. Saboda mutanen wurin sun saki jiki da rashin ruwa, da ƙasa mai gishiri suke gini, ita ce a kusa, kuma tana da ƙarfi muddin ba ta jiƙe ba. A watan Agusta na 2006 aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya a Bilma, gidaje ɗaruruwa suka narke suka zube, dubban mutane suka wayi gari ba matsuguni. Har hazon da ke rufe Kano da Katsina da hunturu yana da dangantaka da wannan yanki: mafi yawan ƙurar daga kwarin Bodele na Cadi da filayen da ke kusa da Bilma iska ke kwaso ta.

Ƙurar nan kuwa laka ce ta tsohon tafki. Shekaru dubu bakwai zuwa dubu goma da suka wuce, damina na kaiwa can cikin Sahara, tafkin Cadi ya yi girman da ya haura murabba'in kilomita 300,000, Tenere kuma cike take da ƙananan tafkuna da ciyawa. A shekarar 2000 wata tawagar masu neman ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe, ƙarƙashin Paul Sereno na Jami'ar Chicago, ta yi kiciɓis da wata maƙabarta a wani wuri da ake kira Gobero, a yammacin Tenere. Kaburbura wajen 200 aka samu a bakin abin da a da gaɓar tafki ne. Al'umma biyu ne suka zauna a wurin, shekaru kusan dubu a tsakaninsu. Na farko dogaye ne ƙarfafa, masunta, sun bar ƙugiyoyi da masu na ƙashi, da ƙayoyin giwan ruwa, kifin nan da har yau ake alfahari da shi a Argungu. Na biyu sun zo bayan wani dogon fari, jikinsu bai kai na farkon ba. A cikinsu aka tarar da wata yarinya da awarwaron haƙorin dorina a damtsenta. Aka kuma tarar da wata mace da yara biyu a kabari ɗaya, an kwantar da su suna fuskantar juna, hannuwansu a sarƙe, binciken ƙasar da ke ƙarƙashinsu ya nuna alamar an shimfiɗa musu furanni. Sun fi shekara dubu biyar a haka. Duk wanda ya ga hoton kabarin nan zai daina yi wa Tenere kallon ƙasar da ba ta da tarihi.

Ba nisa da nan Gadufawa take, inda aka tono ƙasusuwan wani ƙaton kada, da na wata dabba mai haƙora wajen 500 da aka raɗa wa sunan ƙasar, Nigersaurus. Waɗannan sun girmi ɗan Adam da shekaru fiye da miliyan ɗari.

Ruwan wancan zamani bai ƙare duka ba. Wani ya nutse ya zauna a ƙarƙashin ƙasa, kuma shi ne ke riƙe da duk wani mai rai a Tenere a yau. A gabashin hamadar akwai wani dogon dutse da ya miƙa daga arewa zuwa kudu, tsawon kilomita kusan 150, ana kiran yankin Kawar. A gindinsa ruwan ƙasa ya matso sama, har wani wuri yana ɓuɓɓugowa da kansa. Nan garuruwan suke jere kamar tsakiya a zare: Bilma, Dirku, Anay, Sigidin, can arewa kuma Shirfa da kangon tsohon birnin Jado. Yamma da Bilma da kamar kilomita 160, a tsakiyar rairayi, ga Fashi ita kaɗai. Barebari da Tubawa ne mazauna waɗannan garuruwa. Suna da dabino, suna da ƙananan lambuna, suna da gishiri. Abin da ba su da shi shi ne hatsi, kuma daga wannan rashi aka gina duk tattalin arzikin yankin.

Mahaƙar gishirin Bilma tana wani wuri da ake kira Kalala, a bayan gari. Wanda ya hango ta daga nesa tarin ƙasa kawai zai gani, tsibi-tsibi, wanda aka yi ɗaruruwan shekaru ana jibgewa. Sai ya hau kan tarin zai ga ramuka a ƙasa, kowanne kamar ɗaki, cike da ruwa mai launi iri-iri, wani ja, wani rawaya, wani kamar jiƙon kanwa. Ba a zuba ruwan, daga ƙasa yake tsattsafowa, ya biyo ta cikin gishirin da ke kwance ya narkar da shi. Rana ce ke yin sauran aikin. In ta buga, sai wani ɓawo fari ya taru a saman ruwan, mai ramin ya shiga ya fasa shi don ya nutse, wani ya sake taruwa, a sake fasawa, safe da yamma, har gishiri ya yi kauri a ƙasan ramin. Aikin na tsakiyar zafi ne, domin lokacin ne ruwa ya fi saurin ƙafewa. Mutum na tsaye cikin ruwan gishiri, rana na dukansa ta sama, ɗan ƙaramin rauni a ƙafa kuwa ba ya warkewa da wuri.

Gishirin kashi biyu ne. Akwai fari tas mai ƙwaya, wanda ake kira beza, shi ne na miya. Akwai kuma wanda ake cuɗawa da ƙasa mai gishiri da ruwa, a kwaɓa kamar za a yi tubali, a ɗura a cikin kututturen dabinon da aka fafe, a kife a rana ya bushe. Shi ne kantu, nauyinsa kilo 20 zuwa 25, na dabbobi. Mata kan yi nasu ƙanana a cikin kwano, masu kama da waina. Kafin kaka ta yi, filin Kalala ya cika da kantuna jere a rana suna jiran masu zuwa.

Masu zuwan Abzinawa ne, musamman Kel Ewe na cikin duwatsu da Kel Geres na kudu. Su suna kiran tafiyar taglam, Turawa sun fi saninta da azalai, Bahaushe kuwa ayari ya sani. Shirin na farawa tun ƙarshen damina, lokacin da raƙuma suka ƙoshi, tozo ya cika. Kafin a taɓa kayan ciniki, ciyawa ake fara yanka. Tsakanin bakin Abzin da Fashi babu abin da raƙumi zai ci, saboda haka kowane amale na ɗauke da abincinsa da na hanya, dammai manya-manya a kowane gefe. Ana sa wa raƙuman takunkumi don kada na baya ya riƙa fizgar ciyawar da ke bayan na gaba. Wasu damman ana ajiye su a hanya don dawowa. Sai salkunan ruwa, da itacen girki, da gero, da cuku, da busasshen kayan lambu, da tufafi, wani lokaci har da awaki.

A watan Oktoba ake tashi. Mutum ɗaya ne ke da magana a kan hanya, kuma da Buzaye da Hausawa suna ɗaya suke kiransa: madugu. Shi ke gaba, yana auna tafiyar da inuwarsa da rana, da yadda yake yanka kunyoyin rairayi, da dare kuma da taurari. A wannan lokaci na shekara Kaza da 'Ya'yanta na fitowa ta gabas bayan magariba, daidai inda ayari ya dosa. Da zarar an shiga rairayi ba a tsayawa, tun hantsi har tsakar dare, sa'a goma sha biyar ko fiye. Ruwa da ciyawa a ƙidaye suke, kwana ɗaya da aka ɓata zai iya zama ajalin raƙuma. A tafe ake dama gero da dabino da cuku a sha. A tafe ake dafa shayi, yaro na riƙe da ɗan murhun waya yana lilo da shi don garwashi ya kama, yana bin layi yana miƙa wa kowa kofinsa. In lokacin salla ya yi, mutum ya ba wani akalarsa, ya yi taimama ya yi sallarsa, sannan ya bi ayari da sassarfa. Daga Agadas zuwa Bilma kusan kilomita 600 ne, kuma madugun da ya kauce da ɗan kaɗan zai wuce Fashi bai gan ta ba.

A Bilma kwanaki kaɗan ake yi. Kowane Ba'abzine na da mai masaukinsa, sau da yawa gado ne daga iyaye. A ba da gero, a karɓi gishiri da dabino, a nannaɗe kantu da tabarmi don kada ya fashe, a ɗora wa kowane raƙumi huɗu zuwa shida, a juya. Dawowar ta fi wuya, domin kaya sun yi nauyi, raƙuma sun rame.

Bayan ɗan hutu a gida sai kashi na biyu na tafiyar, wanda ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Ayari ya gangara kudu, ya bi ta Damargu, ya bazu a kasuwannin Damagaram da Tasawa da Maraɗi, a da har Katsina da Kano da Sakkwato. Yana isowa daidai lokacin da aka gama girbi, gero na da araha, gishiri na da daraja. Manomi ya ba Buzu izinin sauka a gonarsa, raƙuma su ci kara da ganyen gawo, su bar masa taki. Buzu ya yi watanni yana bin kasuwanni yana sayar da gishiri da dabino, yana sayen gero da baƙin zane da turkudi na marinar Kano da Kura, sai dab da damina ya koma Abzin, inda mata suka riƙe gida da awaki duk tsawon wannan lokaci. Geron da ya kawo kashi biyu ne, ɗaya na iyali, ɗaya na Bilma a kaka mai zuwa. Haka abin ke juyawa: Babarbaren Kawar ya ci tuwo, saniyar Bafillace ta lashi gishiri, gonar Bahaushe ta sami taki, Buzu ya ciyar da gidansa. A cikin duk cinikayyar da ta taɓa ratsa Tenere, wannan ce kaɗai wadda kowane ɓangare ke tashi da rabonsa a hannu.

Akwai wata hanyar da ba a tuna ta da alheri. Garuruwan Kawar suna kan layin da ya haɗa Borno da Fezzan da Tarabulus, kuma saboda rijiyoyinsa ba su da nisa da juna sosai, ya zama ɗaya daga cikin tsofaffin hanyoyin ƙetare Sahara. Marubutan Larabawa sun ruwaito cewa Uƙba ɗan Nafi'u ya iso Kawar a wajen shekarar 666. Sarakunan Kanem sun mallaki yankin, a ƙarni na 13 ikonsu ya kai har Fezzan. Dawaki da tufafi da takarda na gangarowa kudu ta wannan hanya. Abin da ya fi yawa a cikin masu haurawa arewa kuwa bayi ne, yawancinsu mata da yara, a ƙasa, cikin rairayi. Denham da Clapperton da Oudney, Turawan Birtaniya da suka biyo hanyar a 1822 zuwa 1823 suna nufin Borno, sun ba da labarin ƙasusuwan mutane birjik a kewayen wasu rijiyoyi. Waɗannan ƙasusuwa na 'ya'yan ƙasashenmu ne, kuma tarihin da ya ambaci gishiri ya tsallake su bai cika ba.

A tsakiyar ƙarni na 18 Abzinawa suka rinjayi Borno a kan cinikin gishirin Kawar, daga nan ne ayarin ya karkata sosai zuwa kasuwannin Hausa. Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya bi irin wannan ayari daga Abzin a ƙarshen 1850, ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851. Da zai koma gida a 1855 ta Bilma ya bi, tare da wani yaro Bahaushe ɗan ƙasar Damagaram mai suna Dorugu, wanda aka taɓa kamawa bawa aka 'yanta. Dorugu ya kai har Ingila, labarin rayuwarsa da ya bayar da bakinsa na cikin rubutattun labaran Hausa na farko da aka buga da boko. A 1906 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sani da Ɗan Hausa, ya ratso daga Tarabulus zuwa Borno ta wannan hanyar. A shekarar ce kuma sojojin Faransa suka kafa sansani a Bilma, kuma an ba da rahoton ayarin wannan shekara ya kai raƙuma 20,000.

Mulkin Faransa ya zo da haraji da ƙwace raƙuma don aikin soja. A watan Disamba na 1916 wani jagoran Buzaye mai suna Kawsan ya yi wa Turawan da ke Agadas ƙawanya, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, har zuwa Maris na 1917. Ramuwar da ta biyo baya ta yi muni. An kashe malamai, an kwashe dabbobi, jama'a da yawa suka gudu kudu zuwa ƙasar Hausa, Abzin ta yi shekaru kafin ta farfaɗo. Ayarin ya dawo, amma bai sake samun tsohon ƙarfinsa ba.

A kan hanyar Agadas zuwa Fashi akwai wata itaciyar ƙaya da ta yi suna a duniya saboda kaɗaicinta. An ce babu wata bishiya kusa da ita sai an yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci, har masu zana taswira suna sa mata alama kamar gari. Da aka haƙa rijiya a gefenta a hunturun 1938 zuwa 1939, sai da aka yi mita 33 zuwa 36 kafin a tarar da ruwan da saiwoyinta ke sha. Ayari bayan ayari sun yi zango a wurin, mutane na fama da ƙarancin itacen shayi, raƙuma na jin yunwa, amma ba wanda ya karya reshenta ko ya bar raƙuminsa ya ci ganyenta. A 1973 wata babbar mota ta banke ta. Aka kwashi gangar jikinta aka kai gidan tarihi na Yamai, inda take har yanzu, aka kafa wata ta ƙarfe a gurbinta.

Shekarar 1973 ɗin ita ce tsakiyar babban farin da ya halaka dabbobin Sahel, na 1984 ya zo ya ƙarasa abin da ya rage. Iyalai da yawa da suka rasa raƙumansu ba su sake haɗa ayari ba. Manyan motoci suka shiga cinikin, suna yin tafiyar a kwanaki kaɗan, gishirin teku mai araha kuma ya cika kasuwannin kudu. Sai tawaye, na farko daga 1990 zuwa 1995, na biyu daga 2007 zuwa 2009, da nakiyoyin da aka binne a hanyoyi. Yawon buɗe ido da ya fara kawo wa Agadas kuɗi, a zamanin da tseren motocin Paris zuwa Dakar ke ratsa Tenere, ya mutu murus. Gandun Abzin da Tenere, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 1991, shekara ɗaya kacal ya yi kafin a mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari. Hamadar ta ga wani bala'in da ba ruwanta da shi: ranar 19 ga Satumba 1989 bam ya tarwatsa jirgin saman kamfanin UTA da ya taso daga Njamena zuwa Paris, mutum 170 suka mutu, tarkacen ya watsu a kan rairayi. A 2007 iyalan mamatan suka jera baƙaƙen duwatsu a wurin, da'ira babba mai siffar jirgi a tsakiya, ana iya ganinta daga sama.

Arzikin da ya zo daga baya na ƙarƙashin ƙasa ne. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, yamma da duwatsun Abzin. A kudancin hamadar, a Agadem, kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya fara fitar da man fetur a 2011, bututu ya kai shi matatar da ke kusa da Damagaram mai tace ganga 20,000 a rana, daga baya aka shimfiɗa wani mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar teku a Benin. Kuɗi ne masu yawa, sai dai bututu ba ya zango a garin kowa, ba ya neman mai masauki. Dabbobin dawa ma sun ji a jikinsu. Yankin Tarmit da Tin Tumma shi ne mafaka ta ƙarshe ta wata farar dabbar hamada mai murɗaɗɗen ƙaho, dangin barewa, da Turawa ke kira adaks, wadda kan yi watanni ba ta sha ruwa ba. An mayar da yankin gandu a 2012, amma hanyoyin mota da farauta sun riga sun yi ɓarna. Wani bincike da aka yi ta sama da ƙasa a 2016 guda uku kacal ya gani.

A 2014 aka ga zinariya a Jado. Cikin 'yan makonni dubban mutane suka kwarara daga Nijar da Cadi da Sudan da Libiya, kowa da na'urar lalube a hannu yana shara ƙasa da ita. Kasuwanni suka tashi a inda babu ko bukka, ruwan sha ya zama haja mai tsada, masu motocin Dirku da Agadas suka sami ciniki. Wasu sun yi kuɗi, da yawa sun koma da bashi. A 2017 gwamnati ta rufe wurin, jama'a suka karkata zuwa wasu mahaƙun, kamar Cibarakaten da ke kusa da iyakar Aljeriya.

Tsohuwar hanyar Fezzan ma ta sake cika da mutane. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, Agadas ta zama babbar tashar masu nufin Libiya da Turai. Duk ranar Litinin motoci ƙirar Hilux kan fita a jere tare da rakiyar soja zuwa Dirku, kowace da mutum ashirin da wani abu a baya, ƙafafu a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa tsakanin cinyoyinsa don kada ya faɗo, fuska a naɗe, jarkokin ruwa sanye da buhu suna reto a gefe. Daga Dirku sai Sigidin, sai Madama, sai iyaka. A 2016 hukumar ƙaura ta duniya ta ƙirga fiye da mutum 300,000 da suka bi ta Nijar suka yi arewa. A shekarar ce aka fara aiki gadan-gadan da dokar da aka kafa a 2015, bisa matsin lambar ƙasashen Turai, wadda ta haramta jigilar. Aka kama direbobi, aka ƙwace motoci. Tafiyar ba ta tsaya ba, sai dai direbobi suka riƙa kauce wa rijiyoyin da jami'ai ke tsaro, suna bin inda ba a sani ba, kuma a Tenere wanda ya kauce wa rijiya ya sa ƙafa ɗaya a kabari. A tsakiyar 2017 mota ta lalace tsakanin Agadas da Dirku, mutum 44 suka mutu da ƙishirwa, yawancinsu 'yan Ghana da Najeriya, har da jarirai. Kafin nan, a Oktoban 2013, an tsinci gawa 92 a hanyar Aljeriya arewa da Arlit, galibi mata da yara daga ƙasar Kance a jihar Damagaram, talauci ne ya fitar da su neman abinci. Gwamnatin soja ta soke dokar a watan Nuwamba na 2023, motocin Litinin suka koma fita a fili.

Duk da haka ba a daina aiki a Kalala ba. Makiyaya na neman kantun Balma har yanzu, suna cewa dabba ta fi yin kyau da shi fiye da gishirin buhu, kuma raƙumi ba ya shan mai, ba ya buƙatar kayan gyara. Shi ya sa wasu gidaje a Timiya da ƙauyukan da ke kewaye da dutsen Bagzan suke riƙe da sana'ar. Ayarin yanzu ƙanana ne, raƙuma gommai ko 'yan ɗaruruwa, wani madugun ma da wayar tauraron ɗan Adam a aljihu. In Oktoba ta kama sukan ɗaure damman ciyawa, su sa wa raƙuma takunkumi, su fito daga duwatsu su fuskanci gabas. A rijiyar itaciyar ƙarfe wani lokaci sukan haɗu da motoci, direbobi na cika jarkoki, su kuma suna cika salkuna. Daga nan zuwa Fashi sauran kwana uku ko huɗu.